Ludayina Yana Jakar Sista Aishetu

Unguwar Tunga, Minna
Ranar Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga ƙawata Zainabu, nas sabuwa fil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Abuja lafiya ranar Asabar, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direba mai gudu, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki, amin.

Na san za ki yi dariya. Tsakanin ɗakina da naki taku bakwai ne, na ƙirga, amma ga tsohuwa ta baje a tabarma tana rubuta miki wasiƙa kamar kina Makka. Yi dariyarki. Akwai maganar da in na buɗe baki zan faɗe ta sai ta rikiɗe ta zama wasa, kin san halina, shi ya sa na ce bari in ɗaure ta a takarda inda ba za ta gudu ba. Rubutun kuma ki yi haƙuri da shi. Aji huɗu na yi a Wushishi, sauran a ajin yaƙi da jahilci na tsinto. In kin ga harafi ya kwanta, gajiya ya yi.

Shekaranjiya kina shirya akwati, mamanki ta ce ki je ki yi wa Sista Aishetu sallama kafin ki tafi. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, kunnena kuwa bai tsufa ba. Kika ce, "Ni ba abin da zan koya wurin wadda ta yi sakaci har Mudi ya kusa mutuwa. Ba irin nas ɗin da zan zama ba ke nan." Ban san yadda na gama tsintar shinkafar nan ba. Babanki dai tsakuwa biyu ya tauna.

Shekara tara ke nan kina riƙe da matar nan a zuciya. Tana shigowa gidan nan don ƙanenki Mudi, ke kuma kina jefa mata gaisuwa daga bakin ƙofa ki wuce ɗaki. Yanzu ga shi za ki shiga gidan wasu ki yi irin aikinta, ki kula da 'yarsu mai shekara huɗu, wadda kika ce ta roba a maƙogwaro take numfashi. Kin kuma ce akwai kaka a gidan. To, zauna ki ji abin da kakanni ke yi wa nas, daga bakin mai laifi.

Kin san yadda aka haifi angona Mudi. Naƙudar kwana biyu, ya fito bai yi kuka ba. Ya taso wuya ba ya tsayawa, hannu a dunƙule, in ya haɗiyi abu sai ya bi ta hanyar iska. Yana shekara biyar ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, likitoci suka huda masa ciki suka sa roba, ta nan ake tura abinci da sirinji. Suka ce kada a sake ba shi komai ta baki, kuma sai an samu nas mai zuwa gida kullum. Ke a lokacin shekararki sha uku.

Ran da Sista Aishetu ta fara zuwa ina bakin ƙofa. Wata 'yar gajeriyar mata ta sauko daga keke napep da baƙar jaka da ta kusa fin ta girma. Tana buɗe baki na ji Hausar Bida. Ni kuwa ubana Bakatsine ne, kin san tsakaninmu da Nufawa sai tsiya. Na ce, "A'a, duk faɗin Minna an rasa nas sai Banufiya?"

Ta ce, "Hajiya, an ce gidan Katsinawa ne, shi ya sa aka zaɓo mai haƙuri."

Na ce a raina, wannan za a yi da ita.

Kuskurena na farko, 'yar aiki na ɗauke ta. Kwana na biyu Mudi ya yi barci, na leƙa na gan ta zaune a gefensa ta zuba masa ido, agogo a hannu. Na ce, "Sista, tunda kin zauna ba aiki, ga wanke-wanke can yana jira."

Ta ce, "Aiki nake, Hajiya. Numfashinsa nake ƙirgawa."

Na ce, "Numfashi kuma? Ai Allah ne ke ƙirga numfashi."

Ta ce, "Haka ne. Ni na minti ɗaya kawai nake ƙirgawa."

Da wannan ƙirgen nata ta gane zazzaɓi na tafe tun jikinsa bai yi zafi ba, ta kira likita a waya, aka tare abin. Ni kuwa ban ce sannu ba, saboda a ranar ne ta ce in wanke hannu da sabulu kafin in ɗauke shi. Hannun da ya raini ubansa! Kwana uku ina zuba mata abinci a kwanon nan mai lotsattsen baki da ake ba kaji tsaki. Ta cinye tas, ta miƙo kwanon ta ce, "Hajiya, miyar kukar nan da saura?" Ni dai na kasa ci gaba da gaba da matar da ke neman ƙarin miyata.

To ƙawata, za a miƙo miki tsintsiya a gidan can. Ko ba a miƙo da hannu ba, za a miƙo da ido. Kada ki kumbura, kada kuma ki karɓa ki bar yarinyar mutane. Ki ce aiki kike, ki faɗi aikin da sunansa, da fara'a. In an ba ki abinci ki ci, ki yaba miyar ko da gishiri ya zarce. Maganar wanke hannu kuwa kada ki sassauta wa kowa, ko da wadda ta haifi mai gidan ce. Za ta yi fushi na kwana uku, ba ya wuce haka, na gwada.

Yanzu ga babbar maganar. Na tashi na sha ruwa na dawo, kin ga inda biro ya canja launi.

Ni gwanar ɗura ce. Ku 'yan zamani ba ku san ta ba sai a baki. A Wushishi in yaro ya ƙi shan kunu, gidanmu ake kawo shi. In miƙe ƙafa, in kwantar da shi a cinya, in tara tafin hannuna a bakinsa, in zuba kunu da ludayi, in toshe masa hanci da yatsa. Ko yana so ko ba ya so sai ya haɗiye. 'Ya'ya takwas na ɗura, babanki ne na fari, dube shi yau ƙofa ba ta isarsa. Na maƙwabta kuwa ban san adadinsu ba. Ina da ɗan ludayina na duma da uwata ta ba ni, akwai tabon ƙuna a mariƙinsa. Da shi na yi duk wannan suna.

Wata biyar da sa wa Mudi roba, aka yi suna a maƙwabta, mata suka biyo su gaishe ni. Suka tarar Sista tana tura masa abinci da sirinji. Ɗaya daga cikinsu ta riƙe haɓa ta ce, "Hajiya, kina raye ana zuba wa jikanki abinci ta ciki, kamar ana zuba wa babur mai?" Aka kwashe da dariya. Ni na fi kowa dariya. Amma maganar ta bi ni har ɗaki ta kwanta tare da ni.

Ba don matar nan kaɗai ba, in faɗa miki gaskiya. In muna cin abinci, Mudi yakan bi loma da ido daga kwano har baki, yana motsa leɓe. Wata biyar yaro bai ɗanɗana komai ba a duniya. Na ce a raina, likitocin nan yara ne, ba su san ɗura ba. Yaron da ba ya iya haɗiya ai shi ake yi wa ɗura.

Ranar Talata ce. Mamanki ta tafi kasuwa, babanki yana wurin aiki, ke kina makaranta. An ɗauke wuta tun safe. Tun hantsi na dama kunun gyaɗa, na rufe da faifai, na tura ƙarƙashin gado. Aka kira azahar, Sista ta ce, "Hajiya, riƙe mini angonki in yi salla." A lokacin ta riga ta yarda da ni, ina wanke hannu ba a ce ba, muna tsiyarmu kullum. Ta shimfiɗa darduma a falo ta tayar da salla.

Na jawo kwanon. Na miƙe ƙafa. Na kwantar da shi a cinya, yana kallona yana murmushi, don ya ɗauka wasa za mu yi.

Ludayi ɗaya. Ludayi biyu. A na uku na ga bai yi tari ba, bai yi kuka ba, bai yi wutsil-wutsil ɗin da yara ke yi ba. Idanunsa suka buɗe a kaina. Ƙirjinsa yana wata ƙara kamar buta ta kusa tafasa, leɓensa ya koma launin ɗinya. Ludayin ne ya suɓuce ya faɗi a siminti, ƙararsa ce ta kira Sista. Ta sallame sallar a tsaye ta shigo da hijabi a jikinta.

Ta kalli ludayi, ta kalle ni, sau ɗaya. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗauke shi daga cinyata ta juya shi a gefe. Injin zuƙe majina ba wuta, sai ta zaro na ƙafa daga baƙar jakar nan, wanda nake yi mata tsiya ina kiransa famfon keke. Tana takawa da ƙafa, tana zura siririyar roba a bakinsa, kununa yana fitowa yana taruwa a kwalba ina gani. Ta ɗaura masa iskar oksijin daga 'yar tukunyar da ke bayan ƙofa. Duk wannan tana yi masa magana a hankali, "Mudi, ina nan. Ja, ɗana. Ja kuma." Sannan ba tare da ta waiwayo ba ta ce, "Hajiya, fita ki tsayar da keke. Yanzu."

Kakarki ta fita titin Tunga ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya. Da na dawo ta riga ta rungumo shi da tukunyar iskar. A bakin ƙofa ta sunkuya ta ɗauki ludayin ta jefa a jaka.

A asibiti na ji ta da kunnena tana gaya wa likita, "Kunun gyaɗa ne ya shiga huhunsa, kamar ƙaramin ludayi uku, ƙarfe biyu da kwata." Ba ta rage komai ba. Likita bai tambayi wa ya ba shi ba, ya shige da yaro. Babanki ne ya tambaya. Ya iso a guje, ke kina bayansa da kayan makaranta. Ya ce, "Wa ya ba shi abu ta baki? Wa?"

Ta ce, "Alhaji, a hannuna yake."

Kin san sauran, kina wurin. Ya yi mata faɗa a gaban jama'a, ya ce kada ta sake taka masa gida. Ta ɗauki jakarta ta koma ƙarshen baranda ta zauna, ba ta tafi ba sai da likita ya fito ya ce yaro ya dawo hayyacinsa. Abin da ba ki lura da shi ba shi ne tsohuwar da ke kan benci tana jan carbi. Bakin nan nawa da bai taɓa yin shiru a biki ko a makoki ba, ranar ya yi shiru. Na ga irin kallon da kika yi wa Sista. Na san nawa ne, na bar mata shi.

Ni na yi wa Mudi ɗura, Zainabu. Ba sakacin kowa ba ne. Ga shi na rubuta, kuma harafin bai kwanta ba.

Abin da zan ce miki a nan guda biyu ne. Duk abin da ya faru da yarinyar da ke hannunki, ki gaya wa likita yadda yake, da lokacinsa, da yawansa, ko wa zai ji kunya. Da Sista ta rufe maganar kunun don ta rufa mini asiri, da yau ba ni da ango. Na biyu kuwa, kada dariyar tsohuwa ta ruɗe ki. Wadda ta fi kowa son yarinyar ita ce za ta fi kowa ɓoye kwano. Ki riƙa leƙa ƙarƙashin gado, ki shinshina kofi, ki duba abin da ke ƙulle a bakin zane. Ki yi da wasa, amma ki yi.

Kwana sha ɗaya Mudi ya yi a asibiti. Aka dawo gida ba nas. Mamanki ta riƙe aikin ita kaɗai, robar ta toshe sau biyu, fatar gefenta ta yi ja. Aka kawo wata nas, ta yi kwana biyu ta ce ba za ta iya ba. Mudi kuwa duk safiya in ya ji tsayuwar keke sai ya juya ido ƙofa. Da na ga mamanki tana gyangyaɗi a tsaye da sirinji a hannu, na yafa mayafi na hau keke zuwa Kpakungu, ina tambaya gida-gida har na samu na Sista.

Na tarar da ita tana yi wa 'yarta kitso, wasu yara biyu suna faɗa a kan bokiti, tukunya tana kan wuta. Wallahi sai na tsaya. Wata biyar tana shiga gidana, ban taɓa tambayar ko tana da 'ya'ya ba. Ni a tunanina nas daga jaka take fitowa da safe, ta koma jaka da yamma.

Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Ban zauna ba, durƙusawa na yi. Ta saki kitson ta riƙo ni ta ce, "Hajiya, tashi! In Nufawan unguwar nan suka ji Bakatsiniya ta durƙusa, ba ku sake ɗaga kai a garin nan ba."

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Fuskar Alhaji na duba. Da na faɗa a lokacin, da ba zai sake barin ki taɓa yaron ba. Mudi kuwa ba ya yi wa kowa dariya irin wadda yake miki. Ni in an kore ni akwai wata nas. Ke in an kore ki, ina za a samo wata kaka? Na ce in ya huce ke za ki faɗa da bakinki." Sannan ta ce, "Amma ni ma da nawa. Na ga kina kallon bakinsa kullum, ban taɓa tambayarki ba. Me kike so ki ba shi, Hajiya? Ƙoshi ko ɗanɗano?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, ni ma ban yi wa kaina ba. Na ce, "Ɗanɗano." Sai kuka. 'Yarta da rabin kitso ta tsaya tana kallon tsohuwa tana sharɓe majina.

Sharaɗi biyu ta kafa mini kafin ta dawo. Zan koyi tura abinci da sirinji da hannuna. Ludayina kuma zai zauna a jakarta har ran da na faɗi gaskiya a gida. Na ce, "Gobe-goben nan."

Na dawo na kira babanki na ce ya je ya ba ta haƙuri ya dawo da ita. Ya ce, "Inna, bayan abin da ta yi?" Na ce, "Ni na ce." Kin ga, na yi amfani da girman uwa na tura shi ya ba da haƙurin laifin da bai san na wa ba ne. Ya je, ta dawo. Gobe ta zo, na ce sai ya ƙara hucewa. Wata ya wuce, na ce ai magana ta mutu, me za a tone. Haka goben nan tawa ta kai shekara tara. Duk Salla in ta zo gaisuwa sai ta ɗan buɗe jaka ta nuna mini mariƙin ludayin ta ce, "Hajiya, yana gaishe ki." In ce, "Ina amsawa." Mu yi dariya, ni tawa ba ta kai ciki.

Wannan ne babban kuskurena, ya fi ɗurar. Ɗura na yi ta cikin jahilci a minti biyu. Shirun kuwa da sanina na yi shi, kullum ina ganin yadda kike gaishe ta. Ke dai kada ki ce gobe a kan abin da ya shafi mutuncin wani. Kuma ba na ce ki riƙa ɗaukar laifin mutane a kanki ba. Ita kanta Sista ta ce mini da ta san goben Katsinawa haka take da tsawo, da ta ja babanki gefe bayan sati ɗaya ta gaya masa. In an yi kuskure a gidan da kike, ki jira zuciya ta sauka, sannan ki faɗa a gaban wanda ya yi, ba a bayansa ba.

Kin san kunun Juma'a da nake ba Mudi, ɗan ɗigon nan a kan yatsa? Kullum kina cewa, "Inna akwai dabara." Ba tawa ba ce. Sista ce ta je ta tambayi likita, ya duba yaron, ya yarda a riƙa dangwala yatsa mai tsabta a taɓa masa kan harshe, yana zaune a miƙe, ita tana wurin. Ranar farko da kunun gyaɗa ya taɓa harshensa ya lumshe ido, ya buɗe, ya yi wata dariya har da shaƙuwa. Sista ta ce, "Kin ga, Hajiya, ɗigo ɗaya ya ishe shi. Ke ce mai son ludayi uku."

Wannan nake so ki tafi da shi fiye da komai. In kakar gidan can ta tsaya miki a wuya, kafin ki kai ƙararta, ki zauna ki tambaye ta me take so ta ba yarinyar. Wataƙila turaren wuta take son yi mata, wataƙila wanka da ganye, wataƙila so take kawai ta goya ta kamar sauran jikoki. Ki nemi ɗan abin da ba zai cutar ba a ciki, ki tambayi likita, ki ba ta shi ya zama aikinta. Ki koya mata, ki koya wa uwar. Sista ta koya mana, shi ya sa yanzu sau uku kawai take zuwa a mako, kuma ni ɗin nan da kike gani na iya gane robar da za ta toshe tun kafin ta toshe.

Na ga abubuwa wurin matar nan da ban taɓa cewa na gode a kansu ba. Na ga ta iso da damina, takalmi a hannu, siket jiƙe har gwiwa, saboda ruwa ya cinye hanyarsu kuma lokacin maganin jijjigarsa ya yi. Ita ta gano cewa in ya ɗaga ido sama "e" yake nufi, in ya kawar da kai "a'a", mu da muka haife shi muna zaune ba mu lura ba. Ita ta matsa wa babanki a kai shi tashar jirgin ƙasa a kekensa na guragu, don ta ga duk lokacin da jirgi ya yi kuka daga nesa sai ya yi zillo. Yau angona yana da shekara sha huɗu, ga kumatu, ga gashin baki yana leƙowa, yana zaɓen tashar rediyo da ido. Ran da sakamakon jarrabawarki ya fito kuwa, Sista ta shiga ɗakinsa ta rufe ƙofa ta rangaɗa guɗa a cikin filo, don kada ki ji ki ɓata rai. Ta ce mini, "Yarinyar nan tana da hannu. Na ga yadda take juya shi."

Yau da safe bayan karin kumallo na kira babanki da mamanki ɗakina na gaya musu. Babanki ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Sannan ya ce, "Inna, shekara tara?" Na ce, "Da wata huɗu." Sai ya ce, "Har yanzu a Kpakungu take?"

Mamanki kuwa kanta a sunkuye ta ce, "Na sani, Inna. Ranar da na dawo ɗaukar kayan asibiti na ga kwanon a ƙarƙashin gado. Ni na wanke shi." Kin ji. Shekara tara tana kawo mini ruwan alwala, kunyar suruka ta hana ta buɗe baki. Ashe mata biyu ne suka riƙe mini asiri, ni ina yawo a tsakar gida ina tsokanar mutane.

Na kira Sista a waya na ce na faɗa. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Fursuna zai fito ke nan. In kawo miki ludayinki?" Na ce a'a, ni na gama da shi. Zainabu za a ba, ta sa a jakarta ta aiki, kusa da safar hannu. Duk ran da tsohuwar gidan can ta kai ta bango, ta zura hannu ta taɓa shi, ta tuna ita ma tana da irinta a gida.

Jibi Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu tafi Kpakungu, ni da babanki da mamanki da Mudi. Babanki ya ce wannan karon da kansa zai ba da haƙuri, ba aike ba. Akwai wuri ɗaya a mota kusa da angona. Ba zan tilasta miki ba, na bar ɗura. In kin ji haushina ki ji, kina da gaskiya, ki ma ƙi cin tuwona har Asabar in kin iya. Amma kayan da kika ɗora wa matar nan ki sauke mata kafin ki bar Minna, don ba nata ba ne. Ba na so ki shiga gidan mutane da farin kaya alhali wadda ta share miki hanyar ba ta sa miki albarka ba.

Allah Ya yi miki albarka, ƙawata. Ya sa hannunki ya zama sanyi ga yarinyar nan da duk yaran da za ki riƙe bayanta. Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya ba ki haƙurin Nufawa da bakin Katsinawa, Ya haɗa ki da tsohuwar da ta fi ni jin magana. Ya saka wa Aishetu da duk masu irin aikinta da alherin da mu ba mu iya biya ba. Ya dawo mana da ke lafiya, amin.

Mudi yana gaishe ki. Na tambaye shi ko in ba ki wasiƙar, ya ɗaga ido sama.

Yanzu zan tura ta ta ƙarƙashin ƙofarki in koma in zauna. Ƙofata a buɗe take. Taku bakwai ne.

Kakarki mai laifi,
Inna Tabawa